Kitsen tantanin ƙwayar halitta da magungunan daji da ke bi ta kansa

Yawancin magungunan kemo da ake ɗaura wa masu ciwon daji a asibitocinmu, irin su asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, can cikin cikin ƙwayar halitta suke aiki. Doxorubicin, wanda marasa lafiya ke ganewa da jan launinsa, da cyclophosphamide da cisplatin, DNA suke lalatawa. Paclitaxel kuwa zaruruwan da ke raba ƙwaya gida biyu yake daskararwa. Duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa sai ta ji a jikinta, shi ya sa gashi ke zuba, baki ke yin miki, jini ke yin ƙasa. Akwai wani rukunin magunguna da ba ruwansu da DNA. Su a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar suke aiki, wurin da saƙon "girma ki rabu" ke fara shiga.

Wannan tantani kitse ne, shimfiɗa biyu, kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu ɗari na milimita. Manyan nau'o'in kitsen da ke cikinsa sun haɗa da phosphatidylcholine da kolestarol da sphingomyelin. Ba a daskare yake ba, motsi yake yi kamar mai, kuma furotin iri-iri na yawo a cikinsa. Tun 1972 Singer da Nicolson suka bayyana shi a haka. A 1997 Simons da Ikonen suka ƙara da cewa akwai wasu 'yan wurare a jikinsa inda kolestarol da sphingomyelin ke cunkushewa, furotin masu karɓar saƙo su taru a nan.

Abin da ya fi shafar mu yana fuskar ciki ta tantanin. Akwai wani kitse ɗan kaɗan da ake kira PIP2. Idan saƙon girma ya iso daga waje, ko insulin ya sauka a kan makarɓinsa, sai wani inzayim mai suna PI3K ya liƙa wa PIP2 ƙarin fosfet guda, ya koma PIP3. Lewis Cantley da abokan aikinsa ne suka gano wannan inzayim a 1988. Da zarar PIP3 ya bayyana, furotin Akt, wanda ke yawo a cikin ruwan ƙwayar, sai ya zo ya maƙale masa, a kunna shi a nan jikin tantani, shi kuma ya kunna wani furotin mai suna mTOR. Umarnin da ke fita daga nan shi ne ƙwaya ta sha sukari, ta girma, kada ta mutu. Mai kashe saƙon shi ne PTEN, wanda ke cire fosfet ɗin ya mayar da PIP3 yadda yake. A ciwon daji, ko dai PI3K ya lalace ya ƙi tsayawa, ko PTEN ya ɓace, saƙo ya yi ta tafiya ba wanda ya aiko shi.

Tunanin farko da masana suka yi mai sauƙi ne: a ƙera kitsen jabu wanda zai shiga tantani ya hargitsa shi. Daga Jamus aka faro, a cibiyoyin Max Planck. Edelfosine ne na fari, a ƙarshen shekarun 1960, sai miltefosine da Hansjörg Eibl da Clemens Unger suka yi aiki a kansa a shekarun 1980. Siffarsu ta kitsen jiki ce, amma an sauya ɗaurin da ke haɗa sassansu yadda inzayim ɗin jiki ba sa iya tsinka su da wuri. Sai su taru a tantani, su hana ƙera phosphatidylcholine sabo, su hana Akt samun wurin maƙalewa. Edelfosine har yana tara makarɓan Fas wuri guda, waɗanda ke ba ƙwaya umarnin kashe kanta. A cikin kwalbar gwaji abin ya ƙayatar ƙwarai.

A jikin mutum labari ya sha bamban, kuma dalilin a fili yake. Jajayen ƙwayoyin jini ma da irin wannan tantanin aka yi su. In aka ba da miltefosine ta jijiya, fasa su yake yi. In aka ba da shi ta baki a adadin da zai taɓa daji, amai da gudawa ba sa bari a ci gaba. Inda kawai ya samu gindin zama a fannin daji shi ne shafawa: ruwa mai ƙarfin kashi 6 cikin 100, ana ɗiga ɗigo 2 a kan kowane murabba'in santimita 10 na fatar da sankarar mama ta ɓullo, sau ɗaya a rana a makon farko, daga nan sau biyu. Yana rage saurin yaɗuwar ƙananan ƙulluttai marasa zurfi. Ƙullutu mai kauri ko wanda ya riga ya fashe ya zama gyambo, irin wanda aka fi zuwa da shi asibiti a nan, ya fi ƙarfinsa.

Amma miltefosine bai mutu ba, sana'a ya sauya. An gano yana kashe ƙwayar cutar leishmaniasis, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗawa, kuma akwai nau'inta na fata a arewacin Najeriya. Indiya ta yi masa rajista a 2002, hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2014. Ana shansa kwana 28, kafso mai miligiram 50, sau biyu a rana ga mai nauyin kilo 30 zuwa 44, sau uku ga wanda ya kai kilo 45, tare da abinci don rage tashin zuciya. Yana nakasa ɗan tayi, kuma yana daɗewa bai bar jiki ba, don haka mace ba za ta ɗauki ciki ba sai bayan wata 5 da gama sha. Ƙaninsa perifosine shi aka fi sa wa rai a fannin daji, domin ciki ya fi ɗaukarsa. A 2012 babban gwajinsa a kan dajin hanji ya fito babu ƙarin kwana ko kaɗan, a 2013 kuma aka dakatar da na dajin ɓargo.

Saboda haka idan wani mai tallar magani a bakin Kasuwar Bacci ko a rediyo ya ce mansa na narkar da kitsen ƙwayar daji, tambaya ɗaya ta isa: ta yaya man zai bambance tantanin ƙwayar daji da na ƙwayar jini? Wannan tambayar ce ta kayar da magungunan da aka kashe shekaru arba'in ana gyarawa.

Akwai kitse guda da ya bambanta sosai har aka iya harinsa kai tsaye. GD2 kitse ne mai ɗauke da sukari, yana cike a kan ƙwayoyin neuroblastoma, wani dajin yara. Dinutuximab, wanda FDA ta amince da shi a 2015, yana kama shi ya kira garkuwar jiki. To amma jijiyoyin jin zafi ma suna da GD2, don haka ba a ɗaura shi sai tare da ƙarin ruwan mofin. Bavituximab da aka yi don harin wani kitsen tantanin, phosphatidylserine, bai kai labari ba, an tsayar da gwajinsa a 2016.

Hanya ta biyu ta bi ta kan furotin Ras, wanda shi ma saƙon girma yake aikawa. Shi ba ya aiki sai an liƙa masa wutsiyar kitse mai kabon 15, farnesyl, wadda ke kafe shi a tantani. Aka ce to a hana liƙa wutsiyar, aka ƙera tipifarnib da lonafarnib. Ashe nau'o'in Ras biyu, KRAS da NRAS, waɗanda su ne suka fi yawa a dajin mutane, in an hana su wannan sai su karɓi wata mai kabon 20, geranylgeranyl, su koma bakin aiki. Nau'in HRAS kaɗai ba shi da wannan mafita. Lonafarnib ya ƙare a matsayin maganin cutar tsufan yara a 2020.

Wani magani da ke taɓa wannan layin yana nan a kantunan magani na Kaduna, kuma da yawa ba su san dangantakar ba. Zoledronic acid, da ake ba wanda daji ya kama wa ƙashi, yana toshe inzayim ɗin da ke ƙera farnesyl a cikin ƙwayoyin da ke cin ƙashi. Miligiram 4 ake sawa a ruwa, ya shiga a cikin abin da bai gaza minti 15 ba, duk mako 3 zuwa 4, ko duk mako 12. Gaggauta shi na ƙona ƙoda. Kafin kowane zagaye a auna kiriyatinin, wato gwajin aikin ƙoda: in tacewar ƙoda ta sauka zuwa 60 ko ƙasa a rage adadi, in ta gaza 30 a bari. A duba haƙora kafin a fara, domin cire haƙori ana tsaka da shi na iya jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi. Ana haɗa shi da kalsiyam da bitamin D kullum. Kuma zagayen farko kan zo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi cikin kwana uku. A nan ne 'yan uwa ke rugawa kemis su sayo maganin maleriya da diclofenac. A yi gwajin maleriya tukuna, a ba da farasitamol, a guji diclofenac da ibuprofen saboda ƙodar.

Inda aka ci riba ta gaske shi ne da aka bar kitsen kansa aka koma kan inzayim ɗin da ke yi masa alama. Alpelisib yana toshe PI3K nau'in alfa. FDA ta amince da shi a watan Mayun 2019 don sankarar mama da ta yaɗu, mai amsa homon, marar yawan furotin HER2, wadda ke da lalacewar ƙwayar gado ta PIK3CA (wadda ke ƙera PI3K alfa), bayan maganin homon na farko ya daina aiki. Kimanin kashi 40 cikin 100 na irin wannan sankara na da lalacewar. A gwajin SOLAR-1, matan da aka ba shi tare da fulvestrant, maganin toshe homon, sun yi wata 11 kafin cutar ta motsa, waɗanda aka ba fulvestrant kaɗai wata 5.7. Ga waɗanda ba su da lalacewar, bai yi wani abin kirki ba. Ƙarin tsawon rai da aka gani daga baya, wata 39.3 da 31.4, bai kai matsayin da lissafi zai tabbatar ba. Ya kamata a faɗa wa iyali wannan ƙarara kafin su sayar da fili: maganin jinkirtawa ne, ba na warkewa ba.

Sharuɗɗan nan uku, homon da HER2 da PIK3CA, duk daga tsokar da aka yanko ake karanta su, kuma a nan ne muka fi yin asara. Tsoka na fara lalacewa daga lokacin da aka raba ta da jini. Ƙa'ida ita ce ta shiga ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10, wanda aka daidaita tsaminsa, kafin awa ɗaya, ruwan ya ninka girmanta sau 10, ta zauna awa 6 zuwa 72. Fomalin na ratsa nama kimanin milimita ɗaya a awa, don haka in nono gaba ɗaya aka cire, sai an tsattsaga shi falle-falle, in ba haka ba bayansa ya dahu cikinsa ya ruɓe. Abin da kan faru shi ne a yi aiki ranar Juma'a a wani ƙaramin asibiti, a jefa tsokar a tsohuwar kwalbar mayonis da ɗan ruwan da ko rufe ta bai yi ba, wani lokaci ma ruwan gishiri ne ko sifirit, a miƙa wa ɗan uwa a leda. Ya kwana biyu da ita a ɗaki, ranar Litinin ya hau mota daga Kafanchan ko Birnin Gwari. Sakamako ya fito "babu homon, babu HER2", a ɗora matar a kan kemo, alhali tamoxifen, maganin homon mai araha, zai yi mata aiki. Gaskiya ne sankarar da ba ta amsa ko ɗaya cikin ukun ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, amma wani kaso na wannan adadi daga kwalba yake fitowa. Mai jinya ya tambayi ruwan da aka sa, a rubuta lokacin a jikin kwalbar, a kai ta ɗakin gwaji a ranar. Bayan sakamako kuma a san inda ɗan bulon kakin da aka daskarar da tsokar yake, domin daga shi za a yanki na gwajin PIK3CA ko da bayan shekaru.

Shan alpelisib: miligiram 300 sau ɗaya a rana, ƙwaya biyu masu 150, bayan cin abinci, a lokaci guda kullum, ba a tauna ba a fasa. In an manta, ana iya sha cikin awa 9, in ya wuce a bari sai gobe. In an yi amai bayan sha ba a ƙarawa. Fulvestrant allura ce, miligiram 500, rabi a kowane ɗuwawu, rana ta 1 da ta 15 da ta 29, daga nan wata-wata.

Sai babbar matsalarsa, sukari. Insulin da wannan PI3K alfa ɗin yake aika saƙonsa a hanta da tsoka. Toshe shi tamkar kashe taransifomar unguwa ne don a hukunta gida ɗaya mai satar wuta. Hanta ta ci gaba da zubo sukari, tsoka ta ƙi sha. A SOLAR-1 kusan kashi 64 cikin 100 sukarinsu ya hau, kusan kashi 37 ya hau sosai, kuma yawanci a makonni biyun farko ne. Jiki kan mayar da martani da ƙarin insulin, wanda zai iya sake kunna PI3K ɗin a cikin ƙwayar dajin, abin da ɗakin binciken Cantley ya nuna a jikin ɓeraye a 2018. Shi ya sa metformin ne zaɓin farko, insulin sai in abu ya yi tsanani.

Kafin a fara, a auna sukarin safe kafin karyawa da HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin watannin baya. Mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, ba a fara mata. Bayan an fara, a auna aƙalla sau ɗaya a mako a makonni biyun farko, daga nan duk mako 4, HbA1c duk wata 3. A ganina wannan ya yi kaɗan ga wadda gidanta ke Rigasa ko Maraban Jos kuma ba ta ganin likita sai ranar asibiti. Na'urar gwaji ta gida, a tsaga yatsa bayan sallar asuba kafin a sa komai a baki, a rubuta a littafi, ta fi. A kula da ma'auni: na'urori da yawa mg/dL suke nunawa, takardar ɗakin gwaji kuma mmol/L. A raba na farko da 18 a samu na biyu. In sukari ya haura 160, wato 8.9, a kira likita a fara ko a ƙara metformin. Ya haura 250, wato 13.9, a dakatar da alpelisib a je asibiti a ranar. Ya haura 500 kuwa gaggawa ce. Ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsarin dare, amai da numfashi sama-sama, kada a ce zafin Maris ne. In an dawo da maganin ana sauka zuwa miligiram 250, sannan 200. Ƙasa da haka sai a haƙura.

Abinci na da tasiri a nan fiye da a sauran magunguna. Kunun zaƙi, zoɓo mai sukari, lemon kwalba, shayi mai madarar gwangwani, furar da aka zuba wa sukari, su 'yan dubiya ke kawowa don ƙauna, su kuma ke ɗaga lambar. Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, zogale da miyar ganye su yi yawa, tuwo da shinkafa su ragu. Kada kuma a bi masu cewa a yanke sitaci gaba ɗaya a kashe daji da yunwa, mai rama ba ta da naman da za ta ba da. Azumi tare da hawan sukari da gudawa haɗari ne ga ƙoda, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Ƙuraje kan fito wajen mako na biyu. A baƙar fata ba a ganin jan da littattafan Turai ke nunawa, sai ƙaiƙayi da ƙananan gudaji da ake ji da tafin hannu a ƙirji da baya. Shan cetirizine tun ranar farko na rage su. In fata ta fara saɓulewa, ko leɓe da ido suka yi miki tare da zazzaɓi, a tsayar da maganin nan take. Kashi ɗaya cikin huɗu na matan SOLAR-1 sun ajiye shi saboda illoli.

Capivasertib, wanda aka amince da shi a Nuwamban 2023, Akt yake toshewa, don haka ya shafi masu lalacewar PIK3CA ko AKT1 ko PTEN. Miligiram 400 safe da yamma, kwana 4 ana sha, kwana 3 ana hutu. Tare da fulvestrant ya ba da wata 7.3 kafin cutar ta motsa, fulvestrant kaɗai wata 3.1. Sukarinsa ya fi sauƙi, amma fiye da kashi 70 cikin 100 sun yi gudawa, don haka loperamide da ruwan gishiri da sukari su kasance a gida. Inavolisib, wani mai toshe PI3K alfa, ya biyo baya a Oktoban 2024. Everolimus, mai toshe mTOR, ya girme su duka, miligiram 10 a rana tare da maganin homon exemestane, kuma ba ya buƙatar gwajin ƙwayar gado. Mikin baki ne damuwarsa, ana kuma tare shi da kurkurar ruwan dexamethasone mililita 10, minti 2, sau huɗu a rana, a tofar.

Akwai abin da takardun gwaje-gwajen Turai ba su cika damuwa da shi ba amma mu dole ne: magungunan da marar lafiyar ke sha dama. Rifampicin na tarin fuka yana zaburar da inzayim ɗin hanta CYP3A4, har ya rage everolimus a jini da kashi 63 cikin 100. Ba a haɗa shi da alpelisib ko capivasertib ma. Ritonavir, clarithromycin da ketoconazole akasin haka suke yi, su tara everolimus da capivasertib har su zama guba, haka ma garehul. Dolutegravir, da ke cikin ƙwayar da mafi yawan masu cuta mai karya garkuwar jiki ke sha a Najeriya, yana ɗaga metformin a jini, don haka ana tsayar da metformin a miligiram 1000 a rana sai in likita ya ga dalilin wucewa. Ciwon hanta nau'in B kuma, wanda ya yi yawa a arewa, yana iya farkawa a ƙarƙashin everolimus, sai a gwada kafin a fara. A zo asibiti da duk abin da ake sha a leda guda, har da jiƙo da garin gargajiya.

Kuɗinsu fa ba na wasa ba ne. Asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya fara a 2021 da asibitoci shida har da na Shika, ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate), kuma ofishin jin daɗin marasa lafiya ne wurin tambayar abin da yake ɗauka. Magani mai tsada shi ake yi wa jabu, don haka a saya ta hannun sashen magunguna na asibiti, a duba lambar rukuni da ranar lalacewa a kwali da jikin fallen ƙwayoyin su dace. Fulvestrant a sanyin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi. Firjin gida da ke kwana babu wuta ba wurinsa ba ne, kuma kada a manna shi da ƙanƙara a cikin kula. A karɓe shi ranar da za a yi allurar.